Filashar Babanki da Kyamarorin Mutane

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sa'ad da za ki karanta takardar nan, na san kin riga kin sauka Sabon Tasha a Kaduna. Ina fata direban bai bi da ku ramukan hanyar Kachia kamar ya ɗauko buhunan citta ba. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya ba ki farin jini a wurin sabon aikinki. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake tana zaune a gabana yanzu tana tsinke miki yakuwa, ke kuma kina ɗaki kina ninke kaya.

Ba zan ba ki labarin gida ba, ba za ki ma kwana da barinsa ba za ki karanta wannan. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da za ki tarar a cikin tsohuwar safar da na naɗe takardar nan da ita. Filashata ce, fitilar walƙiyar ɗaukan hoto, 'yar ƙaramar nan mai girman sabulun wanki, wadda na saya a gwanjo a Jos shekarar da na bar aikin jirgin ƙasa na buɗe shagon hoto, kina aji biyar a firamare. Na ba ki ita. Amma kafin ki ɗora ta a kan kyamarar kowa, ki zauna ki karanta abin da ta jawo mini, domin na ji an ce situdiyon da za ki yi aiki yana da kyamarori har huɗu, har da sabuwar nan da ba ta cin fim. Filasha ɗaya ce, kyamarori kuwa kowace da halinta. Ni sai da na sha kunya na gane haka.

Kin san Sunday mai citta da matarsa Talatu na Kagoma, waɗanda suke kawo mana doya duk Kirsimeti. Ba ki san dalilin doyar ba. Ni na kusa raba aurensu tun bai yi wata ɗaya ba.

Ana sauran kwana biyu bikinsu kyamarata ta ƙi janye fim. Na garzaya wurin wani tsohon abokin aikina na tashar jirgi, ya ara mini tasa, wata 'yar Rasha mai nauyi kamar dutsen guga. Yana miƙo mini ya ce, "Bulus, tsaya in nuna maka yadda take da filasha."

Na ce masa, "Haba, ni za ka koya wa hoto? Kai da kake ɗaukan kajinka da ita?"

Sai ya sakar mini igiyar kyamarar.

Ga abin da ya so gaya mini. A cikin kyamara akwai ɗan labule da yake buɗewa ya rufe in an danna. Dole filasha ta haska a daidai lokacin da labulen yake buɗe gaba ɗaya. Tawa labulenta mai hanzari ne, na saba ajiye ta a kan ɗari da ashirin da biyar. 'Yar Rasha kuwa sai a kan talatin take yarda, har an yi wa wurin alama ta daban don makafi irina. Ban duba ba. Na murza ta inda hannuna ya saba.

Cocin yana da duhu, tagoginsa ƙanana. Na yi ta walƙiya, mawaƙa suna rawa, mata suna guɗa, ni kuma ina ta tsalle daga wannan benci zuwa wancan da kwat ɗina. Fim biyu na cinye. Na ba direba ya kai Jos aka wanke, bayan mako ya dawo mini da ambulan. Ban ko buɗe ba na hau babur na kai Kagoma da kaina, don in ji yabo da kunnena.

A tsakar gidan surukar Sunday aka buɗe. Sunanta Mama Lami, ita ce shugabar zumuntar mata, mace ce da in ta yi gyaran murya fasto ma yakan gajarta wa'azi. Hoto na farko, ga amarya tana murmushi, farar rigarta tas, gefenta kuwa baƙi ƙirin. Na biyu haka. Na goma haka. Duk inda ango ya tsaya, duhu ya haɗiye shi. A wurin yanka kek hannunsa kawai ya fito, riƙe da wuƙa.

Mama Lami ta ajiye hotunan a hankali, ta dafe kai. Ta ce, "Na faɗa! Yaro ya yi kuɗi a shekara biyu, ya sayi babur, ya yi rufin kwano, kuka ce citta ne. Ga citta nan! Mutumin da ba ya fita a hoto!"

Sai ta juyo gare ni. "Mai hoto, ka taɓa ganin irin wannan?"

Rifkatu, nan ne na yi babban kuskuren. Na san aikina ne, ko da ban gane ta inda ya ɓullo ba. Amma na ga idanun mata goma sha a kaina, na tuna sunan shagona da na sa aka rubuta da fenti mai ruwan zinariya. Na girgiza kai na ce, "Gaskiya, Mama, tun da nake ban taɓa gani ba."

Ba ƙarya na yi ba, ban taɓa gani ba. Amma ya fi ƙarya muni. Kafin in iso Kafanchan labari ya riga ni. Kwana uku tsakani Mama Lami ta je da mata biyu ta kwaso Talatu da akwatinta, yarinya tana kuka. A kasuwar Kachia mutane suka fara kauce wa rumfar Sunday. Wata tsohuwa ta ce ita ma ta lura ba shi da inuwa sosai.

Na kasa cin abinci. Mamanki ta tsare ni da ido ta ce, "Baban Rifkatu, tuwon nan ba gishiri ya rasa ba. Me ka yi?" Na gaya mata. Ta ɗauko takalmana ta ajiye a gabana.

Na fara zuwa wurin mai kyamara. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sa'an nan ya nuna mini alamar da yatsa. Daga nan na wuce wurin faston Kagoma. Ya tara Mama Lami da su Sunday a ofishinsa, na yi bayanin labule dalla-dalla. Mama Lami ta ce, "Labule a cikin ƙaramin abin nan? Wa ya ɗinka shi? An saye ka ne, mai hoto."

Sai dabara ta zo mini. Na sa fim baƙi da fari wanda nake iya wankewa da kaina, na murza kyamara inda na murza ta ranar biki, na roƙi Mama Lami ta tsaya a gefen da ango ya tsaya, Sunday kuma a wurin amarya. Na haska su. Washegari na kawo hoton na miƙa wa fasto. Ga Sunday nan fes, har da tabon da ke goshinsa. Mama Lami kuwa babu ita, sai gefen ɗankwali da gwiwar hannu.

Fasto ya daɗe yana kallo, yana danne dariya. Ya ce, "To, Mama, yanzu ke wa za mu kira ya yi miki addu'a?"

Da yamman nan Talatu ta koma ɗakinta. Ranar Lahadi ta biyu aka sake sa kayan biki, aka sake yin kek ƙarami, na sake ɗauka a kan talatin. Mama Lami ta yaga hotonta a gaban kowa, kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta ƙara tsayawa a gaban kyamarata ba.

Saboda haka, duk kyamarar da aka miƙo miki, ki nemi alamar filasha a jikinta kafin ki yi komai. In mai ita ya ce bari in nuna miki, ki rufe baki ki duba, ko da kajinsa yake ɗauka da ita. In kuma hoto ya ɓaci, ki ce na ɓata, nan take, tun kafin wani ya samo masa fassara. Mutanenmu ba sa barin abu ba fassara.

Labari na biyu bai kai wannan nauyi ba, sai dai har yau ƙuguna yana tuna mini da shi in hadari ya haɗu. Kin san Ardo Buba, wanda matarsa take kawo mana nono. Yana da wani farin bijimi da yake kira Daneri, yana ƙaunarsa kamar ɗan fari. Wata rana ya shigo shago ya ce yana son hoto da shi, babba, wanda za a sa a gilashi.

Na ɗauki tsohuwar kyamarar nan mai ido biyu, wadda ake ratayawa a ciki ana leƙawa ta sama, domin ita ce take fitar da babban hoto da kyau. Ba ta da mazaunin filasha a ka, sai dai a soka waya a gefe a riƙe filashar a hannu. Na isa ruga da la'asar, hadari ya rufe rana, wuri ya yi duhu-duhu. Ardo ya sha rawani, ya saɓa sanda, ya dafa tozon Daneri.

Na kunna filasha. Kin san ɗan kukan nan da take yi in tana tara wuta, siririn fito kamar na sauro. Na ga bijimin ya miƙe kunnuwa. Ardo ya ce, "Bulus, mene ne wannan yake kuka?"

Na ce, "Ba komai, Ardo, kai dai ka yi murmushi."

Ban gaya masa za a yi walƙiya ba. Na sunkuya, na danna.

Abin da ban taɓa damuwa da shi ba game da wannan kyamara shi ne, in kina leƙawa ta sama, dama takan koma hagu, hagu ta koma dama. Mutane nake ɗauka da ita, su kuwa tsayawa suke yi. Na ga Daneri a cikin gilashi ya zabura ya yi dama. Na ce madalla, na yi tsalle hagu. Ashe hagun ya nufa. Muka haɗu.

Allah ya taimake ni da kafaɗa ya ɗauke ni, ba da ƙaho ba. Na tashi sama da kyamara a wuya da filasha a hannu, na sauka zaune daram a inda shanu suka kwana. Ban san ko laushin wurin ne ya ceci ƙashin bayana ba, amma ban taɓa gode wa Allah saboda kashin shanu ba sai ran nan. Yatsana kuma ya sake danna filashar ina zaune, sauran garken suka watse cikin gonar masarar wani. Ardo ya bi su yana kira da Fulatanci, matan ruga suna riƙe da ciki. Mai babur ya ƙi ɗauko ni sai da aka shimfiɗa buhu.

Da hoton ya fito, idanun Daneri suna ci kamar fitilar mota, ƙafafunsa na gaba a sama, Ardo ya buɗe baki rawani ya karkace. Na kai masa ina ba da haƙuri, na ce zan sake wani. Ya riƙe shi nesa, ya matso da shi kusa, ya ce, "Aradu ba za a sake ba. Haka yake in ya yi fushi. Kai ne ka fara kama shi." Yana nan rataye a bukkarsa.

Ki riƙa gaya wa mutane kafin ki haska su, musamman tsofaffi da jarirai da duk abin da yake da ƙaho. Kuma komai kyan abin da kike gani a cikin gilashi, ki riƙa ɗaga kai ki dubi abin da ke gabanki. Wannan ba a kan shanu kaɗai nake faɗa ba, birni za ki zauna.

Na ukun shi ne ya fi shafarki, don bara ya faru, kina makarantar koyon keken rubutu a Zonkwa. Na roƙi mamanki kada ta gaya miki.

Akwai wani likita, Dokta Ishaya, ɗan Kachia, yana aiki a Turai. Mahaifiyarsa Mama Kande ta tsufa ƙwarai, jiki ya ƙi, ya zo ya yi mako biyu da ita. Aka shirya addu'ar godiya a gidan, aka kira ni ɗaukan hoto. A can na fara ganin kyamarar da ba ta cin fim. Yana dannawa, hoto ya fito a ɗan talabijin da ke bayanta. Ya nuna mini hotunan tsohuwar da ya yi ta ɗauka tun zuwansa, tana dariya, tana shan kunu, tana riƙe da jikanta. Ya ce, "Baba Bulus, waɗannan su zan tafi da su. Ban san ko zan sake samunta ba."

Amma na lura na cikin ɗaki ba su da haske, 'yar fitilar jikinta ba ta da ƙarfi. Aka kira shi waje gaisuwa, ya bar mini ita in duba. Ina juya ta sai na ga ɗan rami a gefe, irin wanda nake soka wayar filasha. Zuciyata ta ce, Bulus, nuna wa likitan Turai cewa Kafanchan ma an san aiki. Na soka. Na auna kujera. Na danna.

Filasha ta haska da kyau. Ɗan talabijin ya mutu. Na danna nan, na danna can, na cire batir na goge a wando na mayar, na hura mata iska, har na ɗan bubbuga ta kamar rediyo. Shiru.

Daga baya wani mai gyara a Kaduna ya yi mini bayani. Tsofaffin filasha irin tawa suna tura wuta mai ƙarfi ta cikin wayar nan. Tsofaffin kyamarori ƙarfe ne a ciki, ba ruwansu. Sababbin nan kuwa cikinsu laushi ne da shi kamar na agogo, wutar tana iya ƙona su.

A lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne na ƙone hotunan uwar mutum, kuma uwar tana kwance a ɗaki na gaba tana numfashi da ƙyar. Ba zan ɓoye miki ba, na sa kyamarar a aljihu na shiga bayan gida, na tsaya a ciki har wani ya ƙwanƙwasa sau biyu. Na yi tunanin in ajiye ta a kan tebur in ce haka na gan ta. Na fito, na sami Dokta a bakin ƙofa, na durƙusa a gabansa da furfurata.

Ya ce, "Baba, lafiya? Tashi, don Allah!"

Na ce, "Ɗana, na kashe ta."

Ya yi wani irin ihu ya ruga ɗakin tsohuwar. Mata suka fara kururuwa da kuka. Ya tarar da ita zaune tana neman goro. Ya dawo yana haki, na miƙa masa kyamarar na ce, "Wannan nake nufi."

Ya jingina da bango ya rufe ido. Ban san ko dariya zai yi ko mari ba. Ya karɓa, ya gwada, ba ta tashi ba. Na ce, "Hotunan Mama sun tafi, ni na jawo." Sai ya buɗe wata 'yar ƙofa a gefe ya zaro wani abu siriri kamar rabin biskit. Ya ce, "Suna nan, Baba. A nan suke kwana. Kyamarar kam ka gama da ita."

Ransa ya ɓaci, na gani, bai ƙara yi mini magana ba har aka gama addu'a. Da mutane suka ragu ya zo ya ce, "Mahaifina bai taɓa yin hoto da ni ba har ya rasu. Ita ma duk hotunan nan ni nake ɗauka, ba na ciki. Taka tana aiki?" Na ce tana aiki. Ya zauna a bakin gado, tsohuwar ta jingina kanta a kafaɗarsa. Na rufe fuskar filasha da farin hankici don kada ta yi mata zafi a ido, na ce, "Mama, za a yi walƙiya." Ta ce, "Yi, ɗana, na ga wadda ta fi taka." Wata biyu bayan komawarsa ta rasu.

Don haka ki ji ni da kyau. Kada ki soka filashar nan a jikin sabuwar kyamarar maigidanki, ko da ramin ya yi daidai, ko da ba kowa a shagon. Shiga rami daban, dacewa daban. Ki tambaye shi tukuna, in bai sani ba a kai wa mai gyara ya auna wutarta. A kan tsofaffin masu fim kuwa ki yi aikinki da ita hankali kwance. Ki jira jar fitilar baya ta kama kafin ki danna, in ba haka ba za ki fitar da mutane kamar an ɗauke su a cikin rijiya. Ki cire batir in kin gama, sukan yi ruwa. Jerin lambobin nisa da ke bayanta ya goge daga ƙafa goma zuwa sama, na rubuta miki su a bayan takardar nan. Mutane suna ta cewa duk na'urori za su tsaya in an shiga shekara ta dubu biyu. In haka ta faru, wannan ba za ta tsaya ba, ba ta san ko wace shekara ake ciki ba.

Saura abu ɗaya, shi kuwa babu laifin filasha a ciki. Shekara biyu kina roƙona in bar ki ki bi aikin hoto, ina cewa ba aikin mace ba ne, ki koyi keken rubutu. A watannin da ciwon ƙugu ya kwantar da ni, na ce ki buɗe shago ki riƙa ce wa mutane su dawo. Na san ba ki ce musu su dawo ba. Na ga fim yana raguwa. Da na warke, hedimasta ya tare ni a hanya ya ce, "Bulus, hoton fasfon da aka yi wa 'yan ajinmu bana ya fi na kullum. Hannunka ya gyaru da tsufa." Sakataren coci ma ya faɗa. Matar sajan ta ce ban taɓa fitar da ita da kyau haka ba. Duk na amsa da "Mun gode Allah," na gyara hula. Ban ce wa kowa Rifkatu ce ba, ke ma ban ce miki na sani ba.

Ranar Lahadi mai zuwa, in fasto ya tambayi masu shaida, zan tashi in faɗa a gaban ikilisiya cewa aikinki ne. Mamanki ta ce za ta zauna a bayana da tsinken kitso, ko da ƙafata za ta yi nauyi.

Ki gaishe mini da Gwaggonki Hannatu da maigidanta, ki taya ta aikin gida kafin ki fita. Ki nemi coci tun makon farko. Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki daga mugun mutum da mugun direba, ya haskaka fuskarsa a kanki, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne babanki,
Bulus mai hoto, Kafanchan.